ALFRED WEGENER, MUTUMIN DA YA CE NAHIYOYI SUNA TAFIYA

Duk wanda ya taɓa zama cikin aji ya ga taswirar duniya rataye ga bango. In aka dubi gaɓar Afirka ta yamma, daga Gini har Angola, sa'an nan aka dubi gaɓar Barazil da ke fuskantarta a ƙetaren teku, sai a ga tamkar sakaina biyu na ƙwarya guda: ƙusurwar Barazil ta yi daidai da lungun nan na kudancin Nijeriya da Kamaru. Tun shekaru 400 da suka wuce akwai masu lura da wannan, amma galibinsu sun ɗauke shi dacewa ce kurum. Mutumin da muka kawo tarihinsa yau shi ne ya tsaya ya tara hujjoji, ya ce ƙasashen nan a haɗe suke a da, tsagewa suka yi, kuma har yanzu tafiya suke. Manyan malaman zamaninsa sun ƙi maganar har ya mutu. Sai bayan shekara 30 da ƴan kai gaskiyarsa ta fito, kuma ƙasarmu ta Nijar tana cikin masu ba da shaida.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Alfred Wegener a birnin Barlin na ƙasar Jamus, ran 1 ga watan Nuwamba na shekara ta 1880. Shi ne auta cikin ƴaƴa biyar. Mahaifinsa malamin addinin Kirista ne, yana koyar da tsofaffin harsuna a lakkol, yana kuma riƙe da wani gidan marayu. Cikin wannan gida na karatu da horo yaron ya tashi tare da wansa Kurt, wanda ya zama abokin aikinsa.

Ya yi karatu a jami'o'in Barlin da Haidalbag da Insburuk, ya sami digirin dokta kan ilimin taurari cikin shekara ta 1905. Amma zuciyarsa ba ta kwanta ga aikin zama cikin ɗaki ba. Sai ya koma ga ilimin yanayi, watau binciken iska da gajimare da zafi da sanyi, wanda a lokacin sabon ilimi ne. Ya kama aiki tare da wansa a tashar binciken sararin sama ta Lindenberg, inda ake ɗaura ma'aunai ga manyan balan-balan a sake su sama. Cikin watan Afrilu na 1906 su biyu suka shiga kwandon wata babbar balan-balan, suka yi sa'a 52 da rabi a sama ba su sauka ba. Kafin su ba wanda ya taɓa daɗewa haka.

Ya kamata mai karatu ya riƙe abu guda tun daga nan: Wegener bai yi karatun duwatsu a matsayin sana'a ba. Wannan shi ne abin da aka yi ta goranta masa daga baya.

Ƙasar ƙanƙara

A can arewacin duniya akwai tsibirin Girinlan, wanda ya fi kowane tsibiri girma, ya fi ƙasar Nijar faɗi nesa ba kusa ba. Mutane suna zaune a bakin teku kaɗai. Tsakiyarsa hamada ce kamar Tenere, sai dai maimakon rairayi ƙanƙara ce, ba itace, ba ciyawa, ba gari. Abin hawa shi ne katako mai santsi wanda karnuka ke ja.

Cikin 1906 Wegener ya shiga ayarin binciken da ƙasar Danmark ta aika arewa maso gabashin tsibirin, ƙarƙashin jagorancin Mylius-Erichsen. Ya shekara biyu can yana awon iska. Jagoran ayarin da mutum biyu sun fita wata tafiya, yunwa da sanyi suka kashe su. Saurayin ya koyi darasi tun daga nan, cewa a wannan ƙasa jinkirin kwana kaɗan ko ƙarancin guzuri mutuwa ne.

Da ya komo gida ya zama malami a jami'ar Marburg. Cikin 1912 ya sake komawa Girinlan tare da Johan Peter Koch da mutum biyu da dawakai 16. Suka yi hunturu bisa ƙanƙara, sa'an nan cikin 1913 suka ratsa tsibirin daga gabas zuwa yamma, tafiyar fiye da kilometir 1,000. Abinci ya ƙare musu dab da bakin teku, har sun yanka dabbarsu ta ƙarshe, kafin Allah ya kawo wani mai jirgin ruwa ya tsince su. A shekarar ce ya auri Else, ƴar babban masanin yanayi Wladimir Köppen. Sun haifi ƴaƴa mata uku.

Taswira da hujjoji

Tsakanin waɗannan tafiye-tafiye biyu ne maganar nahiyoyi ta shiga ransa. A ƙarshen 1910 yana duba wani littafin taswira sai ya lura da dacewar gaɓar Afirka da ta Amurka ta Kudu. Da fari shi ma bai ba abin muhimmanci ba. Cikin 1911 ya ci karo da wani rubutu wanda ya jera irin dabbobi da tsirran zamanin da da aka samu daskare cikin duwatsun Barazil da na Afirka, iri ɗaya a ɓangarorin biyu. Daga nan ya shiga tara hujjoji daga kowane fanni na ilimi.

Hujja ta fari ita ce ta halittu. Akwai wata dabba mai kama da ƙaramin kada, tsawonta wajen metir guda, masana suna kiranta Mesosaurus. An sami ƙasusuwanta a kudancin Afirka da Amurka ta Kudu, ba a same su a wani wuri ba. Dabba irin wannan ba ta iya ƙetare teku mai faɗin dubban kilometir. Akwai kuma wani tsiro, Glossopteris, wanda aka sami hoton ganyensa cikin duwatsun Amurka ta Kudu da kudancin Afirka da Indiya da Ostareliya.

Hujja ta biyu ita ce ta duwatsu. Jerin duwatsun da ke ƙarshen Afirka ta Kudu ya yanke a bakin teku, sai ga irinsa ya ci gaba a Ajantina. Haka duwatsun gabashin Amurka ta Arewa suke da ƴan uwa a arewacin Birtaniya. Wegener ya kwatanta abin da takardar jarida da aka yaga biyu: in bakin ya dace, kuma layukan rubutu suka ci gaba daga wannan ɓari zuwa wancan, ba sauran shakka takarda guda ce.

Hujja ta uku ita ce ta yanayi, wadda ta fi kusa da sana'arsa. A Indiya da Barazil da kudancin Afirka da Ostareliya akwai kartar da ƙanƙara mai tafiya ta bari bisa duwatsu wajen shekara miliyan 300 da suka wuce. A tsibirin Spitsbergen kuwa, kusa da ƙarshen arewa, ana haƙo gawayin ƙasa, alhali gawayi daga kurmi mai yawan itatuwa yake samuwa. In aka tara ƙasashen kudu wuri guda kusa da ƙarshen kudancin duniya, sai alamun ƙanƙarar su haɗu su zama fili ɗaya.

Malaman lokacin sun san da yawa daga cikin waɗannan abubuwa, amma bayaninsu shi ne wai a da akwai gadojin ƙasa tsakanin nahiyoyi, dabbobi suka bi ta kansu, daga baya suka nutse. Wegener ya ce wannan ba ya yiwuwa, domin dutsen da aka yi nahiya da shi ya fi na gindin teku rashin nauyi. Yana bisa abin da ke ƙarƙashinsa kamar yadda gora take bisa ruwa, gora kuwa ba ta nutsewa don kanta.

Ran 6 ga watan Janairu na 1912 ya tsaya gaban taron masanan duwatsu a birnin Farankfot ya bayyana ra'ayinsa. Shekarunsa 31.

Yaƙi da littafi

Da yaƙin duniya na fari ya tashi cikin 1914 aka kira shi soja. An harbe shi har sau biyu, aka fid da shi daga fagen fama. Lokacin jinyar nan ne ya zauna ya rubuta littafinsa kan asalin nahiyoyi da tekuna, wanda ya fito cikin 1915. Ƙaramin littafi ne, bai cika shafi 100 ba, kuma saboda yaƙi ba a kula da shi ba a wajen Jamus. Ya yi ta gyara shi yana ƙara hujjoji, aka sake buga shi cikin 1920 da 1922 da 1929. Bugu na uku ne aka juya zuwa Faransanci da Ingilishi da wasu harsuna, duniya ta ji.

Abin da littafin ya ƙunsa shi ne, a wani zamani dukan nahiyoyi dunƙule suke wuri guda, teku ɗaya yana kewaye da su. An san wannan babbar ƙasa da sunan Pangeya, watau ƙasa duka da harshen Girka. Sai ta tsattsage, ɓangarorin suka yi ta nisantar juna sannu a hankali.

Yadda nahiya take tsagewa

Mai tambaya zai ce, in haka ne, ina ake ganin wannan tsagewa a yau? Wegener ya nuna Afirka ta gabas. Tun cikin 1893 wani masanin duwatsu na Birtaniya, John Walter Gregory, ya bi wani dogon kwari a ƙasar Kenya da ƙafa, ya tabbatar ba ruwa ne ya zaizaye shi ba. Ƙasa ce aka ja ta gabas da yamma, ta tsage gida biyu, yankin da ke tsakanin tsagogin ya zurma. Kwarin nan ya miƙe daga Habasha har Mozambik. Cikinsa ne tafkin Tanganyika yake kwance, mai zurfin kusan metir 1,470, da tafkin Malawi, kuma a gefensa akwai duwatsu masu aman wuta. Gregory kansa bai yarda da tafiyar nahiyoyi ba, amma Wegener ya ɗauki kwarin a matsayin mafarin rabuwa.

A yau an san matakan. Da fari ƙasa takan miƙe ta yi siriri, tsagogi su buɗe, tsakiya ta zurma, tafkuna su taru: wannan shi ne halin Afirka ta gabas. In jan ya ci gaba sai ruwan teku ya shigo: wannan ita ce Bahar Maliya, wadda alhazanmu ke ƙetarewa zuwa Jidda, domin ƙasar Larabawa ɓallewa ta yi daga jikin Afirka, kuma tana ƙara nisa da wajen santimetir guda ko fiye kowace shekara. In aka daɗe ƙwarai sai a sami babban teku kamar Atlantika.

A bakin irin waɗannan tsagogi ne girgizar ƙasa take aukuwa. Duwatsun ɓangarorin biyu suna son gocewa, amma sun cije da juna. Ƙarfi ya yi ta taruwa shekara da shekaru, kamar sandar da ake lanƙwasawa a hankali. Ran da abin ya fi ƙarfin dutse sai ya suɓuce gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido, ƙasa ta motsa, gine-gine su zube.

Masu suka

Littafin ya sha suka mai zafi, musamman a Ingila da Amurka. Cikin watan Nuwamba na 1926 ƙungiyar masanan duwatsu masu neman man fetur ta Amurka ta yi taro a birnin New York kan maganarsa, mafi yawan masu jawabi suka yi watsi da ita. Waɗansu sun ce mai awon iska ba shi da ta cewa a sha'anin duwatsu. Waɗansu sun ga in suka yarda, to, abin da suka shekara suna koyarwa ya rushe.

Amma adalci shi ne a faɗi cewa masu sukar suna da hujja guda mai ƙarfi. Sun tambaye shi wane ƙarfi ne ke tura nahiya. Ya ambaci juyawar duniya da jan da wata da rana ke yi. Wani masanin lissafi na jami'ar Kambirij, Harold Jeffreys, ya lissafa ya nuna waɗannan ba su kai ko kusa ba. Wegener ya kuma zaci nahiya tana keta gindin teku ne kamar yadda jirgi ke keta ruwa, alhali dutsen gindin teku ya fi ƙarfin haka. Har ila yau ya amince da wani awo da ya nuna wai Girinlan tana nisantar Turai da fiye da metir 10 kowace shekara. Awon kuskure ne; tafiyar ba ta wuce santimetir biyu ba. Watau ya gane abin da ya faru, amma bai gane dalilinsa ba.

Ƙalilan ne suka tsaya masa. Akwai Alexander du Toit na Afirka ta Kudu, wanda ya tafi Amurka ta Kudu da kansa ya gwada duwatsunta da na ƙasarsu. Akwai Émile Argand na Suwis. Akwai Arthur Holmes na Birtaniya, wanda ya ce zafin cikin duniya ne ke sa dutsen ƙarƙashi yana juyawa a hankali kamar kunu bisa wuta, yana ɗauke da abin da ke kansa. Jami'o'in Jamus sun daɗe ba su ba Wegener kujerar babban malami ba. Sai cikin 1924 jami'ar Graz ta ƙasar Ostiriya ta kira shi. Bai ɓata lokaci wajen zage-zage ba. Duk sukar da ya ga tana da tushe, yakan sa ta cikin bugu na gaba ya amsa gwargwadon iyawarsa.

Tafiyar ƙarshe

Cikin 1930 Wegener ya jagoranci babban ayarin Jamus zuwa Girinlan. Nufinsu su kafa tashoshi uku, ɗaya a yamma, ɗaya a gabas, ɗaya a tsakiyar ƙanƙara, su shekara suna awon yanayi da kaurin ƙanƙarar. Tun daga farko aka sami matsala: ƙanƙarar teku ta tare jirginsu har kwana 38, lokacin jigilar kaya ya ragu. Tashar tsakiya tana nesa da ta yamma da kilometir 400, bisa tudu mai tsawon metir 3,000. Mutum biyu aka ajiye can, Johannes Georgi da Ernst Sorge, ba su da rediyo. Suka aiko da takarda cewa kananzir ɗinsu ba ya kai su bazara, kuma in ba a kawo musu ba kafin 20 ga Oktoba za su taso da ƙafa. Wegener ya san wanda ya taso da ƙafa a wannan lokaci ba ya isowa da rai.

Yana iya aika wani. Amma shi ne ya kai su can, kuma alkawari kaya ne. A ƙarshen watan Satumba ya ɗaura kaya ya tashi, tare da abokin aikinsa Fritz Loewe da mutanen Girinlan 13. Iska da dusar ƙanƙara suka tsananta, sanyi ya kai digiri 50 ƙasa da sifili. Mutum 12 suka juya, aka yi ta zubar da kaya a hanya don karnuka su iya ja. Saurayi guda ne ya ƙi juyawa, sunansa Rasmus Villumsen. Su uku suka isa tashar a ƙarshen Oktoba, kusan hannu wofi. Sanyi ya cinye yatsun ƙafar Loewe, har sai da aka yanke su da ƴar wuƙar aljihu.

Sun iske mutanen biyu lafiya. Sun haƙa ɗaki cikin ƙanƙara, sun rage cin kananzir, sun ga za su iya kaiwa bazara. Amma abincin ba ya isar mutum biyar. Loewe ba ya iya tafiya, dole ya zauna. Ran 1 ga Nuwamba, ranar da Wegener ya cika shekara 50, shi da Villumsen suka juya yamma da karnuka 17. Ba a sake ganinsu da rai ba.

Cikin watan Mayu na 1931 masu nema suka ga katakan tafiyarsa kafe cikin ƙanƙara, kusan rabin hanya. Da suka tona sai ga gawarsa, an ɗinke ta cikin mayafi, an kwantar da ita da kyau. Ba alamar yunwa ko rauni. Masana sun fi zaton zuciyarsa ce ta gaza saboda wahala. Villumsen ne ya yi masa wannan sutura shi kaɗai cikin wannan sanyi, ya kafa alama, ya ɗauki littafin ajiyar labarinsa ya ci gaba. Shi kuwa har yau ba a ga gawarsa ba. Duk mai ba da tarihin Wegener wajibi ne ya ambaci wannan saurayi mai amana. Matarsa Else ta ce a bar mijinta inda yake. Wansa Kurt ya karɓi jagorancin ayarin, aka ƙare aikin, aka auna kaurin ƙanƙarar tsakiyar tsibirin aka iske ya wuce kilometir 2.

Gani ya kori ji

Shekara 20 maganar nahiyoyi tana kwance kamar an binne ta tare da mai ita. Amsa daga gindin teku ta fito. Bayan yaƙin duniya na biyu jiragen ruwa suka sami na'urorin auna zurfi. Cikin 1952 wata Ba'amurkiya mai zana taswira, Marie Tharp, ta lura cewa jerin duwatsun da ke kwance tsakiyar tekun Atlantika yana da kwari a ƙoƙuwarsa, irin na Afirka ta gabas. Da ita da abokin aikinta Bruce Heezen suka ɗora taswirar wuraren girgizar ƙasa bisa tata, sai ɗigogin suka bi kwarin sak.

Cikin 1962 Harry Hess ya bayyana cewa narkakken dutse yana fitowa ta wannan tsaga, ya daskare, ya zama sabon gindin teku, tsohon kuwa ya matsa gefe. Cikin 1963 Fred Vine da Drummond Matthews suka nuna shaidar haka cikin maganaɗisun duwatsun gindin teku. Cikin 1965 Edward Bullard ya sa kwamfuta ta haɗa gaɓoɓin Atlantika, suka dace ƙwarai. Cikin 1968 wani Bafaranshe, Xavier Le Pichon, ya lissafa tafiyar manyan ɓangarori shida na ɓawon duniya. A shekarar kuma jirgin haƙa mai suna Glomar Challenger ya ɗebo duwatsu daga gindin Atlantika ta kudu, aka iske duk wanda ya fi nisa da tsagar tsakiya ya fi tsufa.

Ashe ɓawon duniya tamkar fasasshiyar ƙwarya yake, sakaina-sakaina, kowace tana ɗauke da nahiya da gindin teku tare, tana tafiya bisa dutse mai zafi da ke ƙarƙashi. Inda suke rabuwa, ko suke karo, ko suke gugar juna, nan ne mafi yawan girgizar ƙasa da aman wuta suke. A yau taurarin ɗan adam suna auna tafiyar kai tsaye: Afirka da Amurka ta Kudu suna nisantar juna da wajen santimetir 3 kowace shekara, kusan yadda farce ke tsiro. Cikin watan Satumba na 2005 a yankin Afar na Habasha ƙasa ta tsage tsawon kilometir 60, wani wuri ta buɗe har metir 8 cikin ƴan makwanni. Else ta rayu har 1992, ta cika shekara 100, ta ga an wanke mijinta. Cikin 1980 Jamus ta kafa cibiyar binciken ƙasashen ƙanƙara da tekuna a birnin Bremerhaven, ta sa mata sunansa.

Abin da ya shafe mu

A Gadufawa, kudu maso gabashin Agadas, Philippe Taquet ya yi tonon ƙasusuwa. Cikin abin da aka samu har da wani ƙaton kada wanda ya rayu wajen shekara miliyan 110 da suka wuce, aka sa masa suna Sarcosuchus cikin 1966. Cikin 1977 Taquet da Éric Buffetaut suka nuna cewa ƙasusuwan da aka daɗe da samu a jihar Bahia ta Barazil na ɗan uwansa ne, jinsi guda. Kada ne na koguna. Wanda ya je gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai ya ga ƙasusuwan Gadufawa, to, ya ga hujja irin wadda Wegener ya fara da ita.

Abu na biyu ya shafi arzikin ƙasa. Lokacin da Amurka ta Kudu take ɓallewa, Afirka ma ta tsage a cikinta. Tsaga ɗaya ta bi kwarin Binuwai a Nijeriya, wasu suka ratsa Cadi da Sudan, wata ta miƙe ta gabashin Nijar daga wajen tafkin Cadi zuwa Termit da Tenere. Waɗannan ba su kai ga zama teku ba, sai suka tsaya. Laka da rairayi da gawar ƙananan halittu suka cika ramukan har kaurin kilometir da dama, zafi da nauyi suka dafa su. Daga nan man fetur na Agadem ya samu, wanda aka fara tacewa a matatar Damagaram cikin 2011. Ma'aikacin da ke neman mai a yau yana bin sawun tsoffin tsagogi ne, da ilimin da ƙungiyar masu neman mai ta ƙi karɓa cikin 1926.

Abu na uku shi ne tsaron rai. Nijar tana nesa da bakin sakainar Afirka, shi ya sa Allah ya sawwaƙe mana manyan girgizoji. Arewacin Afirka kuwa yana inda nahiyarmu take matsar Turai: Agadir ta rushe cikin 1960, mutum fiye da 12,000 suka mutu, El Asnam ta Aljeriya cikin 1980, kudancin Marrakesh cikin 2023, kusan mutum 3,000. Yammacin Afirka ma bai tsira sarai ba, domin tsoffin tsagogi sukan motsa: Akara cikin 1939, da yankin Gawal na ƙasar Gini cikin watan Disamba na 1983. Har yau ba malamin da ke iya faɗin ranar da girgiza za ta auku. Amma an san wuraren da suka fi hatsari, kuma hukumar da ta san haka tana iya tsara irin ginin da ba ya zubewa bisa mutane.

Darasin rayuwar wannan mutum a fili yake. Shugaba ne wanda bai bar mutanensa cikin hatsari ya zauna a baya ba. Mai neman ilimi ne wanda ya riƙe hujjarsa da haƙuri, ya kuma saurari masu sukarsa. Waɗanda suka raina shi don ba ɗan sana'arsu ba ne sun jinkirta gaskiya shekara 50, amma ba su hana ta zuwa ba. Ma'aikaci a ofis da manomi a gona, kowa yana iya jin magana mai amfani daga bakin da bai zata ba. A dubi hujjar, kada a dubi rigar mai ita. Allah shi ƙara mana ilimi mai amfani, shi kare ƙasarmu daga bala'i, amin.